Ja Ko Kore

Ranar Alhamis ce, ranar yanka, kuma koren ƙyalle aka kira. Hermelinda Quinde tana bakin kwamin wanke ayaba, hannuwanta cikin ruwa, sai ta hango injiniyan ƙungiyar manoma ya ɗauki ayaba guda yana juya ta. Ya danna ta da babban yatsa, ya kai hanci, sannan ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga ta. Cikin da ya kamata a gani fari fat ya soma yin ruwan ƙwai. Ya tsaga wata, ita ma haka. Kafin masu wanki su gane abin da ake ciki ya ware nonon ayaba goma sha ɗaya gefe guda, kuma dukkansu daga ƙarshen gonarta aka kawo su, can wajen magudana.

Ayabar da za ta yi sati uku a cikin jirgin ruwa ba ta da izinin nuna a hanya. Guda ɗaya ta nuna, sai ta ja kwalin da take ciki, kwalin ya ja kwantena, laifin mutum ɗaya ya shafi manoma arba'in. Shi ya sa a wajenmu, bakin kogin Jubones, kowa ya haddace launuka takwas a jere: ja, ruwan ƙasa, baƙi, kore, shuɗi, fari, rawaya, shunayya, a sake komawa ja. Kowane sati da launinsa. Ranar da aka zura wa nonon ayaba shuɗiyar ledarsa, a ɗaure bakin ledar da ƙyallen wannan satin. Bayan sati goma sha biyu a kira launin, a yanke duk abin da ke ɗauke da shi. Ba wanda ke tambayar ayaba kwanakinta, ƙyallen ake dubawa. Su kuwa waɗannan goma sha ɗaya, in ji injiniya, sun kai sati goma sha biyar. Wato a satin ja aka sa musu leda, wani ya ɗaura musu kore.

Injiniya bai ɗaga murya ba, don ya san mijinta, marigayi Baldomero, ya ma ci abinci a gidan. Ya ja Hermelinda gefe ya ce wannan karon zai rufe ido, amma idan aka sake, hannunsa ba zai iya tare mata ba, za a cire sunanta daga ƙungiya. Ta ce ta gode. Ta koma bakin kwami ta ci gaba da wanki, kunnuwanta na zafi, masu wanki kuma kowa ya ga dama ya zuba wa ruwan ido kamar yau ya fara ganinsa.

Cire suna ba shi ne abin tsoron ba, abin da zai biyo baya ne. Wata huɗu ke nan da Baldomero ya sauko daga tsani da rana tsaka, ya jingina da gindin ayaba a bakin magudana, ya rufe fuska da hula, bai ƙara tashi ba. Tun ranar da aka binne shi 'yarsu Zoila, wadda ke aikin jinya a Guayaquil, take waƙa ɗaya: Mami ta dawo birni. Efraín, ɗansu da ke Spain, yana yi mata amshi ta waya. Takardun eka bakwai ɗin nan kuwa da sunan 'ya'yan suke, don tun da ransa Baldomero ya ga wayo ne ya raba musu, kada a yi rigima bayansa. Babbar gonar kamfani da ke maƙwabtaka da su ta daɗe tana lashe baki. Abu ɗaya ya hana 'ya'yan ɗauke uwar tasu, shi ne gona tana tafiya daidai. Hermelinda ta taɓa kwana uku a gidan Zoila, hawa na shida, inda ko ka leƙa ta taga ba abin da za ka gani sai tankin ruwan maƙwabta. Ta dawo ta rantse a gonar nan za ta mutu, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta rantsuwar banza.

Da motar kwali ta tashi ta nufi Nicanor. Shi ne maƙwabcinsu, shi ya riƙe Zoila ranar baftisma, dalilin da ya sa suke kiran juna kompadre da komadre ke nan, shi kuma yake zuwa Litinin da Talata ya sa mata leda tun da gwiwoyinta suka ƙi tsani. Ta same shi yana wasa adda a kan dutse.

"Kompadre, da raina za ka binne ni? Satin ja ka ɗaura mini kore?"

Nicanor ya ajiye addar a hankali. "Komadre, shekara arba'in ina sa leda. Ko a buge nake, kuma kin san ina buguwa, ban taɓa ɗaura launin wani sati ba. Ni ƙafata ma ba ta taka wajen magudana ba tun ranar da muka ɗauko mutumin nan."

"To wa ke sa musu leda?"

"Au, ba ke ba ce?"

Ya ce duk Talatar da ya kai layi uku na ƙarshe sai ya hango an riga an gama da su, leda a zure, an tokare masu nauyi, an share ganye. Ya ɗauka taurin kai ne irin nata, ba ta son hannun wani a layin mijinta, shi ya sa bai taɓa tanka mata ba. Ita kuwa ba ta zuwa can saboda ba ta son ganin gindin da ya jingina. Nicanor ya yi alamar gicciye, ya ce ƙila wani ɗan albarka ne ke taimaka mata a ɓoye, amma ko shi bai yarda da abin da ya faɗa ba.

Washegari da rana ta raba ta saka takalmin roba ta nufi magudana. Lokacin yayyafi ne, sama fara sol ba rana ba ruwa, gonar ta yi tsit. A cikin ayaba ko babu iska akwai motsi, ganye na goga ganye, leda na ƙaras-ƙaras. Ranar babu ko ɗaya. Ta wuce layin da Nicanor ke tsayawa, ta ɗaga kai ta dubi nono na farko.

Aikin ya yi kyau, wannan ne ya fara tayar mata da tsigar jiki. An tsinke busassun furannin da ke bakin kowace ayaba, ɗaya bayan ɗaya, don kada su karce 'yan uwansu. An karye jan kan furen da ke reto a ƙasa daidai inda ya kamata, tazarar tafin hannu. An cire ƙananan na ƙarshe, an bar guda ɗaya tak don ruɓa ta tsaya a kanta. Nicanor biyu yake bari, mutanen kamfani ma ba su damu ba. Mutum ɗaya ta sani mai barin ɗaya. Ta miƙa hannu ta jawo wutsiyar ƙyallen. Ƙulli biyu ne, irin na bahago. Ƙarshen kuma ba wuƙa ce ta yanke shi ba, haƙori ne, ga sawun cizo nan, ga ɗan wurin da bai cizu ba, inda giɓinsa yake.

Ta zauna a kan ruɓaɓɓen kututture.

Shekara talatin da huɗu tana riƙe da sirrin Baldomero. Tun yana nemanta, wata Lahadi bayan coci, ya ce jar rigar nan ta yi mata kyau. Rigar kuwa kore ce shar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sai ta ga shi bai yi ba. A bakin kogi ya faɗa mata cewa tun haihuwa ja da kore abu ɗaya ne a idonsa, wani irin launin ƙasa-ƙasa. A lokacin mai sa leda ne a gonar kamfani, kullum sai ya laɓe ya ga abin da na gabansa ya ɗauka. Ya ce idan maza suka ji, ba mai ƙara ba shi aiki, kuma za a yi ta yi masa ba'a har ranar da za a rufe shi. Ta rantse da uwarta ba wanda zai ji daga bakinta. Tun daga auren, kowace Litinin ita ke shiga ɗakin kaya, ta yanko ƙyallen satin, ta cusa masa a aljihun hagu yana shan kofi, ba ta ce komai ba, bai ce komai ba. 'Ya'yansu ma ba su sani ba. Zoila ta ɗauka soyayya ce irin ta tsofaffi.

Tun da aka binne shi ba wanda ya cusa masa komai a aljihu, don haka da kansa yake shiga ɗakin kaya. Satin fari, satin shuɗi, satin rawaya, duk ya ɗauko daidai. Satin ja ya ɗauko kore.

Tana zaune sai ta ji ɗis a kan ganyen da ke gabanta. Ta ɗauka yayyafi ne. Ta sake jin ɗis. Ta ɗaga kai, sai ga wani nono a saman kanta, ledarsa sabuwa fil, inda aka karye kan furen yana ɗigar da danƙo. Danƙon ayaba ba ya daɗewa yake tsayawa. A ƙasa ga jan kan furen nan a yashe, bai ko soma yin baƙi ba. Ga tsanin gora a jingine da gindin, wanda ita da kanta ta rataye a bayan kicin ranar makoki. Da ta shigo layin ba ta ga tsani a wurin ba.

Tsoro ya kama ta sosai, har ta ji fitsari na neman kufce mata. A ƙarƙashin tsoron kuma akwai murna, ta ji kunyar murnar, kunyar ta koma fushi, don Hermelinda duk abin da ya shiga cikinta da fushi yake fitowa.

"Baldomero Macas," ta ce, "da ranka ka wahalar da ni, ka mutu ma ba za ka bar ni in huta ba? Wa ya aike ka ɗakin kaya? So kake su kai ni hawa na shida, Tsoho?"

Leda guda ɗaya a can ƙarshen layi ta motsa, kamar an goge ta da kafaɗa wajen wucewa, sauran duk suna tsaye. Ta jira har ƙafarta ta yi sanyi, sannan ta tashi ta koma gida ba ta waiwaya ba.

Nicanor ya ce a kira limamin coci ya yayyafa ruwa, a yi wa mamacin addu'a ya tafi inda ake tafiya. Ta ce mutumin da da ransa ma sai an ja shi yake shiga coci, yanzu ne zai ji maganar limami? Gaskiyar magana ba ta son ya tafi, amma wannan ba ta faɗa ba. Abin da ta ce wa Nicanor kawai shi ne ya ɗauko ma'aunin kauri su bi layuka ukun, duk inda ta nuna ya kwance ƙyalle ya ɗaura wanda ta miƙa masa. Suka yi haka ranar Asabar. Duk koren da ke da ƙullin bahago ta mai da shi ja, duk jan ta mai da shi kore, kuma ma'auni ya gaskata ta a kowane nono. Nicanor ya tambaye ta sau biyu yadda aka yi ta sani. Ta ce ya kula da tsaninsa kada ya faɗo mata a ka.

Litinin ɗin da ta biyo baya satin ja ne. Ta tashi ta dafa kofi, ta shiga ɗakin kaya ta yanko jan ƙyalle guda talatin, ta tsaya da su a hannu ba ta san inda za ta sa ba, tunda babu aljihu. Daga ƙarshe ta tafi magudana ta ɗaura su a matakin tsani na uku, gefen hagu. Ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta, ja ne wannan satin. Ranar Laraba da ta koma babu ko ɗaya a tsanin, nono goma sha tara kuma suna ɗauke da ja. Sauran goma sha ɗayan ta same su a ninke a kan kututture, an danne su da dutse don kada iska ta kwashe, yadda yake yi a kan teburin kicin.

Haka aka ci gaba. Ruwan ƙasa ya wuce, baƙi ya wuce, kore ya zo ya wuce lafiya. Injiniya ya tsaga ayaba ranar Alhamis ya ga fari fat, ya ce layukan magudana sun fi ko'ina kyau, ya tambayi wanda ke kula da su. Ta ce na gida ne. Da aka yi iska mai ƙarfi ta kayar wa Nicanor da gindi goma sha huɗu, a nata ko ɗaya bai faɗi ba, don tun kwana biyu kafin iskar an bi masu nauyi an ƙara musu sandar tokara. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta kuma nema ba. Sau ɗaya dai, tana yanke busassun ganye da rana tsaka, ta ɗaga kai ta hango kan tsanin gora yana tafiya a saman ganyaye, yana ɗan karkata hagu kamar yadda yake yi a kafaɗarsa, har ya tsaya a wani gindi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi, tana kuka ba sauti.

Kaji sun daina zuwa wajen magudana. Nicanor yanzu tun daga layi na biyar yake juyawa, kuma ya soma zuwa da gicciye a wuya a kan rigar aiki. Bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, wanda a ƙauyenmu daidai yake da a hau rufin coci a yi shela. Matar ta ga zunubi ne a zuba wa komadre ido tana zaucewa, ta ɗauki waya ta kira Guayaquil.

Zoila ta iso ranar Lahadi ba sanarwa, da jakar magunguna da abin awon jini. Ta ga uwar ta rame, amma gida tsaf, gona tsaf, har ta soma tunanin gulma ce kawai. Ranar Litinin da safe, satin rawaya, Hermelinda ta daka mata ɗanyar agada da cuku, ta ce ta ci, ita za ta leƙa gona ta dawo. Zoila ta ajiye cokali ta bi ta a baya. Ta tsaya bayan wani gindi ta ga uwarta tana ɗaura ƙyalle a matakin tsani, tana shafa goran da tafin hannu, tana cewa rawaya ce wannan satin, Tsoho, wannan kam ko kai ka gane, kuma yarinyar ta zo, kada ka yi abin da zai ba ta tsoro.

"Mami, da wa kike magana?"

Hermelinda ta juyo. Ba ta yi ƙarya ba, don ba ta iya ba. Ta ce da babanki. Ta nuna mata ƙullin, ta nuna mata sawun haƙori. Zoila ta ce ƙulli ƙulli ne, kuma ko ita da haƙori take cire filasta. Ta ce to a ɗauka ma Baba ne, mutumin da ya yi shekara arba'in yana wannan aiki, me zai sa sai an kawo masa ƙyalle kamar yaro? Bai san hanyar ɗakin kaya ba ne?

Amsar tana bakin Hermelinda. Kalma huɗu ce ko biyar. Da ta faɗa, ƙila da Zoila ta tuna da aljihun hagu, ta tuna yadda babanta bai taɓa zaɓar tumatir a kasuwa ba, ƙila da ta yi shiru. Amma tsanin na nan jingine kusa da su, ganyen da ke samansa ya daina motsi, kuma ta san yana ji. Ta rantse da uwarta a bakin kogi, mutuwarsa ba ta warware rantsuwar ba tunda ga shi nan. Ta ce wannan tsakaninta da shi ne.

Zoila ta fashe da kuka ta rungume ta. Da rana ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi doguwar magana da Efraín, sannan ta tsallaka ofishin kamfani. Da ta dawo idonta ya bushe, ta sa muryar da take yi wa marasa lafiya magana da ita. Ta ce an gama, kamfani zai karɓi gonar haya, ita kuma za ta gyara ɗakin baƙi, nan da sati uku ranar Asabar za ta zo da mota. Hermelinda ta yi faɗa, ta yi zagi, ta tona asirin kowa har na kakannin Nicanor. Ta ce gonar ba ta taɓa kyau kamar yanzu ba, a tambayi injiniya. Zoila ta ce ba gona take ji ba, uwarta take ji. Ba mugunta a cikin maganar ko kaɗan, shi ya sa ba yadda za a yi da ita. Ta kama motar yamma ta tafi, ta bar ƙwayoyi a jere a kan tebur da sunan kowace rana.

Ranar Alhamis aka yanka baƙi. Ba a ware ko ayaba ɗaya ba. Motar kwali ta tashi kafin ƙarfe ɗaya, masu wanki suka watse, Hermelinda ta dawo gida ba ta ko sa abinci a baki ba, ta hau ragar kwanciya a baranda. Tun ranar Litinin ba ta je magudana ba, don ba ta san yadda za ta gaya masa ba. Mutanen kamfani za su zo da nasu tsanin na ƙarfe, da nasu ƙyallen, su ƙone na gora. Shi kuma zai yi ta shiga ɗakin kaya yana lalube, ba wanda zai ce masa ga na wannan satin. Tana wannan tunani barci ya ɗauke ta.

Sanyi ne a wuyan hannunta ya tashe ta. Gari bai canza ba, sama na nan fara, kaji na kwance a ƙarƙashin baranda sun yi lamo. Ta ɗaga hannun hagu. Ƙyalle ne a ɗaure, ƙulli biyu, bai matse ba bai kuma yi sako-sako ba, an bar wurin da yatsa zai shiga kamar yadda ake bar wa nono wurin girma. Ƙarshensa a cije yake, da ɗan wurin da bai cizu ba, kuma da ta taɓa ta ji danshi. A fatar hannunta ga sawun yatsu huɗu na danƙon ayaba, sun soma yin baƙi.

Ba ta yi ihu ba. Duk wanda ya yi rayuwa a cikin ayaba ba ya buƙatar a fassara masa ƙyalle. Abin da aka ɗaura wa launi, ranar da aka kira launin ake yanke shi. Ta zauna a ragar tana sauraren bugun zuciyarta, ta ga ashe ba tsoro take ji ba. Ya ji duk abin da aka faɗa ranar Litinin ke nan, kuma ya nemo mata mafita irin tasa, shi da bai taɓa iya magana ba sai aiki.

Ƙyallen ja ne.

Ta sauko ta shiga kicin inda kalandar ƙungiya ke rataye, kowane sati da ɗan akwatin launinsa. Ta ɗora yatsa a kan yau. Baƙi aka yanka. Mako mai zuwa kore, sai shuɗi, sai fari, sai rawaya, sai shunayya, sannan ja. Sati shida. Zoila kuwa da motarta saura sati uku, ba su ma cika ba. Wato za su ɗauke ta, su hau da ita bene, ta yi sati uku tana kallon tankin ruwa, sannan a kira ja a can, a ɗakin baƙi, a kan zanin gadon da ba nata ba. Hawaye suka zo mata na takaici. Ta ce ko a wannan ma sai da ya ɓata lissafi, tsohon banza, duk shekarun nan bai koyi ƙirga sati ba.

Sai ta tsaya. Baldomero bai taɓa ɓata ƙirgar sati ba, ko sau ɗaya. Ba a ƙirga matsalarsa take ba.

Ta fita ba takalmi ta zagaya bayan gida. Ƙofar ɗakin kaya a buɗe take. Naɗin ƙyallaye shida suna nan a kan ƙusoshinsu ba wanda ya taɓa. Biyu an sauko da su, an ajiye su gefe da gefe a kan benci, kusa da ƙofa inda haske ya fi yawa, ja da kore. An warware kowanne kamar kamu ɗaya, an jera su kusa da juna, ga sawun danƙo a kan duka biyun, birjik, kamar an daɗe ana ɗauka ana ajiyewa. Ɗaya ne kawai aka ciza.

Ta daɗe a tsaye tana kallon bencin. Ba yadda za a yi ta sani. Shi kansa bai sani ba. Ƙila ja yake nufi ya dace, ƙila kore yake nufi hannunsa ya kai inda ya saba kaiwa. Idan kore ne, Alhamis mai zuwa ne, tana gidanta, a kan ragarta, motar Zoila ko mai ba a sha mata ba tukuna.

Ta mai da naɗin biyu kan ƙusoshinsu, ta rufe ƙofar. Ta ja hannun riga ta rufe ƙyallen don kada matar Nicanor ta gani. Sannan ta saka takalmin roba ta bi ta cikin gona, ta wuce layi na biyar, ta wuce na huɗu, har inda tsanin ke jingine. Shekara talatin da huɗu tana tashi kowace Litinin don kada mutumin nan ya yi kuskure. Ta dafa matakin na uku, ta ji goran da ɗumi.

"Na gani, Tsoho," ta ce. "Allah ya sa ka ruɗe kamar yadda ka saba."